Wai kunya ce ko tsoro? Shirun da ke cikin littattafan Indiya

Maman Khalil
Salamu alaikum 'yan gida. Jiya da daddare na gama The Namesake na Jhumpa Lahiri, wanda ya fito a 2003, kuma wlh tun shafukan farko abu ɗaya ya tsaya min a rai har yanzu bai sauka ba. Ashima tana da tsohon ciki can a Amurka, haihuwa ta taso mata, tana banɗaki mijinta Ashoke yana ɗaki yana karatu, amma duk halin da take ciki bata buɗe baki ta kira sunansa ba, sai ta yi masa irin kiran matan Bangal, wani yanki a gabashin Indiya, wani abu kamar "wai kana jina kuwa". Na ajiye littafin na yi ta dariya ni kaɗai don sak Innarmu. Shekara arba'in da ɗoriya da aure ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba, har yaron maƙwabta da suke suna ɗaya "mai sunan Malam" take ce masa. To tambayata ga masu karatu a gidan nan, idan marubutan Indiya suna rubuta irin wannan, yabon abin suke yi ko kuka suke da shi? Don ni na kasa ganewa.

Ɗan Fagge
Hhhh Maman Khalil wane Indiyan ne masu shiru? Ni Indiyan da na sani da an haɗa ido shikenan sai kan dutse, ruwan sama na zuba, mutum hamsin sun fito daga bayan bishiya suna taya su rawa

Malam Tanimu
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge fim daban littafi daban, ka bari mu yi karatu. Maman Khalil kin taɓo inda ya dace, domin littafin nan gaba ɗaya a kan suna yake. Mutanen Bangal suna da suna biyu, akwai daknam, sunan gida da iyaye da 'yan'uwa ke kiranka da shi, akwai bhalonam wanda ake sawa a takarda, duniya ta sanka da shi. Kamar dai a ce a gida kai Abba ne ko Baffa, a makaranta kai Muhammad Sani. A labarin kakar Ashima ce za ta raɗa wa jaririn suna, ta rubuto a wasiƙa daga Kalkata, wasiƙar ta ɓace a hanya, ita kuma tsohuwar ciwon shanyewar jiki ya kama ta, babu wanda ya ƙara sanin sunan da ta zaɓa. Asibiti kuma suka ce ba a sallamar yaro sai da suna a takardar haihuwa. Shi ne uban ya ce Gogol, sunan marubucin Rasha da yake karanta littafinsa ranar da ya yi haɗarin jirgin ƙasa ya tsira. Ki duba fa, sunan gida ne ya faɗa takarda. Kuma uban ya yi shekaru bai gaya wa yaron dalilin sunan ba, yaro ya tashi yana jin haushin sunansa, har ya je kotu ya canza ya koma Nikhil. Sai da ya girma yana jami'a uban ya tsayar da mota ya ba shi labarin haɗarin. Ni a karatuna Lahiri bata zagi abin ba kuma bata yi masa kirari ba, ta nuna yadda shirun ya riƙe auren iyayen amma ya cuci ɗan.

Sadiq Bangalore
Malam sannu da ƙoƙari. Ni na yi shekara huɗu a Indiya ina karatun haɗa magani, abin da Anti ta karanta na gan shi da idona. A Hindi kalmar kai ma kala uku ce, aap na girmamawa, tum na sa'a, tu na yaro ko wanda kuka shaƙu sosai ko wanda ka raina. Matar mai gidan da na zauna, 'yan arewacin ƙasar ne, kullum "suniye ji" take ce wa mijin, wato ɗan saurara, ko ta ce baban wane, shi kuma ya kira sunanta kai tsaye ya ce mata tum. Kuma sunayen dangi sun fi namu yawa, ƙanin uba chacha, yayan uba tau, ɗan'uwan uwa mama, mijin goggo ma da nasa sunan. Yaro kafin ya iya ƙirga ya san wa zai sunkuya ya taɓa wa ƙafa, wa zai yi wa wasa. Matar wa da ƙanin miji akwai wasa tsakaninsu kamar dai namu, amma yayan miji kam ko ido ba a haɗawa, wasu ƙauyukan har mayafi take ja ta rufe fuska in ya shigo. Abu ɗaya da fassarar turanci ke kashewa kenan, duk waɗannan kai ukun sai su dunƙule su zama kalma ɗaya, sai ka karanta faɗa tsakanin miji da mata baka san a wane layi ya sauka daga tum ya koma tu ba, alhali nan ne marin yake.

Amma a kula, Indiya ba Hindi kaɗai ba ce, harsuna 22 tsarin mulkinsu ya lissafa. A Bangalore Kannada ake yi, wani in ka yi masa Hindi ma haushi yake ji.

Zee
Ni fa ku yi haƙuri amma wannan abin da kuke ta cewa kunya kunya, ku je ku karanta That Long Silence na Shashi Deshpande, 1988, sannan mu dawo mu yi magana. Matar sunanta Jaya, babanta ne ya sa mata, ma'anarsa nasara, ranar aure miji ya canza mata suna ya koma Suhasini don al'adar wasunsu ce miji ya sake wa amarya suna. Ku ji fa, ita ba za ta iya furta nasa ba shi kuma yana da ikon goge nata. Shekara 17 tana zaune tana haɗiye magana, marubuciya ce amma ta daina rubuta abin da ke ranta don wani labari da ta rubuta ya ɓata wa miji rai wai mutane za su ce su ne. Wurin da ya fi ƙona min rai, mijinta Mohan yana bata labarin uwarsa, yadda babansa ya dawo da daddare bai samu ɗan mahaɗin da yake so a abinci ba ya yi jifa da faranti ya fita, uwar ko uffan, ta share wurin ta sake hura wuta ta ɗora sabon girki. Shi yana ba da labarin yana alfahari wai uwarsa jaruma ce, ita Jaya kuwa abin da ta gani mace ce da ta riga ta fid da rai da komai. Labari ɗaya ido biyu. Har wani kawunta ya zana bishiyar zuri'a ta duba babu sunanta, ya ce ai ke ta gidan mijinki ce yanzu, kuma matan da aka auro cikin gidan su ma babu su a ciki. To wai ina mace take kenan??

Anti Ladi
Zee 'yata sannu, sauke murya. Na yarda da ke a kan matar faranti, wannan zalunci ne ko a ina aka yi shi. Amma kin haɗa abu biyu a tukunya ɗaya. Rashin kiran sunan miji daban, hana mace faɗin abin da ke cinta daban. Ni shekarata 31 da aure ban taɓa kiran sunan Alhaji ba kuma wallahi tallahi babu maganar da ta taɓa kwana a cikina, in ya yi ba daidai ba zai ji, da Alhajin nasa da komai. Ɗan farina ma bana kiran sunansa, kenan shi ma tsoronsa nake ji? Ita Ashimar nan da Maman Khalil ta kawo, na kalli fim ɗin da Mira Nair ta yi, ban karanta ba kam, amma ranar da aka bugo mata waya mijin ya rasu kin ga yadda ta bi gida tana kunna fitilu ta fita waje tana kuka? Ku 'yan yanzu da kuke kiran miji da sunansa na yanka har da haɗa masa da bebi, nawa ne auren ya kai shekara biyar

Zee
Anti ni ban ce kowa ya kira miji gatsal ba. Abin da nake cewa tun muna yara ake koya mana wa ke da baki wa ba shi da shi, kuma sunan nan shi ne aji ɗaya na makarantar. Ita Jaya ma ai wata matar kawunta ce ta yi mata nasiha kafin aure wai miji kamar bishiya ce mai inuwa, kar ki bari ta bushe. Bambancinsa da "yi na yi bari na bari" da ake mana ranar kai amarya fa? Kuma ke Anti Allah ya baki Alhaji mai saurare ne, wata in ta buɗe baki sai dai a ga kayanta a ƙofar gida

Ummu Hanan
Ku tsaya ku ji, wannan rigimar taku Tagore, marubucin Bangal, ya riga ku tun 1914, shekara ɗaya bayan ya ci kyautar Nobel. Yana da gajeren labari Streer Patra, wato wasiƙar mata. Gaba ɗayansa wasiƙa ce wata mata ta rubuta wa mijinta bayan shekara 15 da aure, kuma ita ce ta farko da ta taɓa rubuta masa, don basu taɓa yin nisan da za a yi wasiƙa ba, kullum suna gida ɗaya amma bai san ko waƙoƙi tana rubutawa a ɓoye ba. A gidan ba a kiranta da sunanta, Mejo Bou ake ce mata, wato matar ɗa na biyu, kamar yadda mu za mu ce amaryar wane ko matar Yaya har mutum ya tsufa yaran gida basu san sunansa ba. Wata marainiya Bindu, ƙanwar matar babban wa, ta zo ta raɓu da ita, 'yan gidan suka gaji da ciyar da ita suka aurar da ita ga mai taɓin hankali, ta gudo suka mayar da ita, ƙarshe ta cinna wa kanta wuta. Ita kuma matar ta tafi ziyarar ibada Puri a bakin teku, daga can ta rubuto ta ce ba za ta dawo gidan ba, ta sa hannu da sunanta, Mrinal. Ni abin da ya tsaya min shi ne sai da ta yi nisa sannan bakinta ya buɗe. Kuma abin mamaki wasiƙar cike take da ladabi daga farko har ƙarshe, babu zagi ko ɗaya. Don haka Anti Ladi da Zee kowa ya ɗauki rabonsa.

Ɗan Fagge
Wato saki ta ba shi a rubuce kenan, cikin ladabi. Allah ya raba mu da wasiƙar ladabi

Abban Sultan
Kun tattara a kan aure kamar shi kaɗai ne zaman tare. A Indiya babbar dokar wa zai yi magana da wa ta fi ƙarfi a wajen gida, batun kast, wato ajin da aka haifi mutum a cikinsa, wasu na sama wasu na ƙasa. Mulk Raj Anand ya rubuta Untouchable a 1935, labarin wuni ɗaya tak a rayuwar Bakha, saurayi ɗan shekara 18 mai kwasar bahaya. Dole in yana tafiya a titi ya riƙa shelar kansa, a kauce ga mai shara nan tafe, don kar ya gogi wani ya sa masa najasa. In ya sayi abu mai shago ba ya miƙa masa, wurgo masa yake, kuɗinsa kuma sai an yayyafa musu ruwa kafin a ɗauka. Ranar ya sayi jalebi, wani kayan zaƙi, yana ci yana jin daɗi ya manta bai yi shelar ba, ya gogi wani mutum, taro ya zagaye shi ana zagi amma kowa na tsoron taɓa shi, ƙarshe mutumin ya kwaɗa masa mari tunda dai ya riga ya ɓaci sai ya yi wanka. Abin da Anand ya nuna da ya fi marin ciwo, Bakha ƙaƙƙarfa ne, zai iya ture su duka ya wuce, amma hannunsa ya ƙi ɗaguwa don tun yana goye aka gina masa katangar a kai. Babansa ma da ya ji labari tambayar da ta dame shi ita ce ko ya rama, don tsoro. Tsarin mulkin 1950 ya haramta wannan a sashe na 17, Ambedkar da ya jagoranci kwamitin rubuta shi ma daga cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa ya fito, amma sunan mahaifi har gobe yana tona mutum. A The White Tiger na Aravind Adiga da ya ci kyautar adabi ta Booker a 2008, yaron ko suna ba a sa masa ba a gida, Munna kawai ake ce masa wato yaro, malamin makaranta ne ya raɗa masa Balram, kuma da ya je neman aikin direba daga jin sunan zuri'arsu Halwai, masu yin alawa, sai aka fara tambayar jinsin nasu na sama ne ko na ƙasa. Babban direban gidan kuwa Musulmi ne ya ɓoye ya ɗauki sunan Hindu don ya samu aiki, azumi ne ya tona shi.

Hadiza Damagaram
Abban Sultan kar mu yi saurin cewa mu mun tsira fa. A gidanmu an taɓa fasa aure don an bincika an ce kakan yaron mahauci ne. Ba ɗaya ba ne da nasu, mu muna cin abinci kwano ɗaya muna sahu ɗaya a masallaci, amma in aka zo aure sai ka ji ana raɗa.

Abban Sultan
Haka ne ƙanwata, ban musa ba. Na dai ce ne girman abin ba ɗaya ba.

Malam Tanimu
Tunda an shigo nan bari in ƙara The God of Small Things na Arundhati Roy, Booker 1997, a jihar Kerala ta kudancin Indiya, gidan Kiristoci ne ma ba Hindu ba amma kast ɗin ya bi su har coci. Ana ba yaran gidan labarin zamanin da irin su Velutha, kafintan gidan ɗan kast na ƙasa, sai sun sa hannu sun rufe baki in za su yi magana don kar numfashinsu ya taɓa na sama da su. Littafin nan ni a wurina littafin "magana zarar bunu" ne. Tagwaye ne, Estha da Rahel, shekararsu 7. Rahel ta yi wa uwarsu Ammu maganar rashin kunya, uwar ta ce mata irin wannan maganar tana sa a rage son mutum, yarinya ta ɗauki abin da gaske ta riƙa auna son uwarta kullum. Wata rana uwar cikin fushi ta ce musu su ne suka zame mata kaya a wuya, suka ɗauka da gaske suka shiga kwalekwale da daddare, 'yar kawunsu ta nutse. Sannan aka kai Estha ofishin 'yan sanda, goggon uwarsu ta tsorata shi cewa in bai yarda ba za a ɗaure uwarsu, aka nuna masa Velutha da aka yi wa dukan mutuwa aka ce shi ne ya sace ku, yaro ya ce e. Kalma ɗaya. Daga nan a hankali a hankali ya daina magana gaba ɗaya, ba wanda ma ya lura da ranar da ya daina, har ya kai shekara 31. Iyaye a gidan nan, yaro ba ya gane cewa fushi ne kawai.

Maman Khalil
Innalillahi. Malam ka sa jikina ya yi sanyi, jiya-jiyan nan na ce wa Khalil zan bayar da shi ga mai bola

Hadiza Damagaram
Ni wanda ya sa ni kuka na gaske Mrs. Sen's ne, yana cikin Interpreter of Maladies na Lahiri ɗin dai, 1999, da faransanci na karanta shi shekarar farko da aka kawo ni Faransa. Matar malamin jami'a ce a Amurka, tana renon wani yaro Bature Eliot ɗan shekara 11, ta zauna a ƙasa ta shimfiɗa jarida tana yanka kayan miya da irin wuƙar garinsu, tana ba shi labarin yadda in ana biki a Kalkata matan unguwa ke haɗuwa a kan soro su kwana suna yanka kayan miya ana hira ana dariya. Sai ta tambaye shi wai in ta ƙwalla ihu yanzu akwai wanda zai zo? Yaron ya yi tunani ya ce wataƙila su zo amma don su ce ta dame su da hayaniya. Wlh a ranar ni ce matar nan. A Zinder atishawa ka yi sai an leƙo ta katanga an ce lafiya, nan kuwa wata shida ban san sunan maƙwabciyata ba. Kuma tana da kaset da danginta suka ɗaukar mata, kowa ya yi magana, tana sawa tana ji tana gaya wa yaron wannan kawuna ne wannan kakana ne. Na tuna kakata, lokacin da baffanmu yake Makka kaset ake aiko mata ta hannun alhazai, a tara gida a sa a rediyo, in ya yi sallama sai ta amsa masa da ƙarfi kamar yana jinta.

Ɗan Fagge
Kai Hadiza kin tuno min. Mu ma haka, kuma dole sai an gaida kowa ɗaya bayan ɗaya har akuya, rabin kaset gaisuwa ce, maganar kuɗin sai can ƙarshe batir ya fara mutuwa murya ta koma ta aljani

Sadiq Bangalore
Amma fa in faɗi gaskiya, Lahirin nan da kuke ta kawowa ba a Indiya ta tashi ba, a Landan aka haife ta a 1967 ta girma a Amurka, ɗalibai da na zauna da su wasu cewa suke Indiyarta ta masu kewa ce, ta mutanen da suka tafi. Kusan duk littattafan da aka lissafa a nan ma da turanci aka rubuta su in ka cire Tagore. Wanda ke son jin yadda suke magana tsakaninsu ya nemi waɗanda aka fassaro. Akwai wani ɗan siriri Ghachar Ghochar na Vivek Shanbhag, da Kannada ya rubuta, a zama ɗaya za ka gama. Iyali ne a Bangalore suna talauci a ƙuntataccen gida tururuwa ta dame su, amma komai tare ake yi, in baba ya dawo daga tallan kamfani kowa ya zauna a taya shi haɗa lissafi, ko abu kaɗan za a saya sai an yi shawara. Sai ƙanin baban ya buɗe kamfanin kayan yaji kuɗi suka zo, aka koma babban gida kowa da ɗakinsa, shawara ta mutu, abin da ya rage kawai kowa ya kiyaye ran mai kawo kuɗin, ba a tambayarsa ina ya samo. Sai aka auro Anita, yarinya mai faɗin gaskiya a fuska, gida ya rikice. Ba zan faɗi ƙarshe ba amma na rufe littafin tsigar jikina na tashi. Sunan littafin ma ba kalma ba ce a kowane yare, a gidan su Anita suka ƙirƙiro ta tun suna yara, ma'anarta abu ya cukurkuɗe ba ya warwaruwa, ta koya wa mijin a matsayin sirrinsu.

Malam Tanimu
Gyaranka ya karɓu Sadiq. A ƙara da Premchand, da Urdu da Hindi ya yi rubutu, ya rasu 1936. Panch Parmeshwar nasa labarin zaman sulhun ƙauye ne, tsohuwa ta kai ƙarar ɗan 'yar'uwarta Jumman da ya karɓe mata gona ya daina kula da ita, aka ɗora amininsa Algu ya yanke hukunci, kowa ya ɗauka an gama, sai ya ba tsohuwa gaskiya. Sannan Heart Lamp na Banu Mushtaq, ita ma Kannada, labarai 12 a kan matan Musulmi a kudancin Indiya, ya ci Booker ta ƙasa da ƙasa a 2025. Zee wannan naki ne, akwai kishiya akwai limamai akwai komai. Kuma hanyar ba ɗaya ba ce, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat da Aliyu Kamal ya fassara, wani kamfanin ɗab'i a Chennai ne ya buga shi a 2012, su ma suna karanta mu.

Ummu Hanan
Ni ina da tambaya ga malaman gidan. R. K. Narayan yana da labari a Malgudi Days, The Missing Mail. Thanappa mai raba wasiƙu ne, irin wanda ya san cikin kowane gida, in ya kawo wasiƙa sai ya zauna an buɗe a gabansa an sha hira, wanda ɗansa ya ci jarrabawa ya sani, wanda ake bi bashi ya sani. Abokinsa Ramanujam ya sha wahalar nema wa 'yarsa Kamakshi miji, an yi ta aika hoto da lissafin taurari ana dawowa da su, da ƙyar aka samu, kuma angon zai tafi horo na shekaru, in ba a ɗaura a ranar da aka sa ba shikenan. Ana gab da biki sai ga kati cewa kawun Ramanujam ba lafiya, sai ga telgiram ya rasu. Thanappa ya soke su a aljihu ya yi shiru har aka gama biki, daga baya ya kawo ya ce ga shi, in ka so ka kai ƙarata a kore ni. Mutumin ya ce ba zai kai ƙara ba amma ransa ya ɓaci. To ya kyauta ko ya ci amana?

Abban Sultan
Ya ci amana mana. Wasiƙa ba tasa ba ce. Ya hana mutum jana'izar kawunsa, wa ya ba shi wannan ikon

Anti Ladi
Kai Abban Sultan kamar ba a cikinmu ka tashi ba. Wane ne a nan ba a taɓa bugo masa an ce "jikin Baba ya yi tsanani ka taho" alhali an riga an yi wanka ana jiran likkafani? Ni ranar bikin ƙanwata goggonmu ta rasu a ƙauye da asuba, manya suka haɗa baki ba a faɗa ba sai da aka kai amarya. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Mutumin nan ya san in labarin ya fito dole a ɗage biki don zaman makoki, yarinya ta rasa miji, mamaci kuma ba dawowa zai yi ba

Abban Sultan
Anti wannan manyan gida ne suka yanke, suna da hakki. Shi ma'aikacin gwamnati ne da jaka a kafaɗa

Anti Ladi
Ma'aikacin da tun ranar da aka haifi yarinyar yake shiga gidan ana ba shi abin sha? Ai ya zama kawu, jakar ce kawai ta gwamnati

Zee
Kun ga abin da nake faɗa ko. Kowa na yanke wa wani abin da ya kamata ya ji da wanda bai kamata ba, kuma duk da sunan so. Ita Kamakshin an tambaye ta ma tana son mijin?

Ɗan Fagge
Zee ko labarin kaza aka kawo sai kin tambaya ko an nemi izininta kafin a kai ta akurki hhhh

Maman Khalil
Jama'a na gode, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba, na fita kasuwa na dawo na tarar da saƙo ya fi ƙarfina. Bari in baku rahoto. Ɗazu na kira Inna na ce Inna don Allah tambaya gare ni, wai ke a zuciyarki in kina tunanin Baba da wane suna kike tunaninsa? Ta yi shiru har na ɗauka layi ya yanke, can sai ta ce "ke da wa kike wasa", ta ce in gaida yara, ta kashe wayarta. Minti biyar sai ga ƙanwata ta kira tana dariya wai me na ce wa Inna take ta murmushi ita kaɗai tana tankaɗe.

Admin in an yarda sati mai zuwa mu karanta A Temporary Matter, shi ne na farko a littafin da Hadiza ta ambata, bai da tsawo. Miji da mata ne, Shukumar da Shoba, sun rasa jariri sun daina magana har abinci kowa a ɗakinsa yake ci, sai aka aiko musu da takarda za a riƙa ɗauke wuta awa ɗaya kullum ƙarfe 8 na dare har kwana biyar, sai suka fara zama a duhu kowa na gaya wa ɗan'uwansa abin da bai taɓa faɗa ba.

Ɗan Fagge
Tsaya tsaya. Takarda aka aiko musu? Kafin a ɗauke? Awa ɗaya? Mu yau kwana tara layinmu babu wuta, ni da Hajiya duk wani sirri ya ƙare tun ranar Laraba, yanzu na maƙwabta muke yi

Admin
An amince, Asabar bayan isha'i. Wanda ya riga ya karanta kar ya faɗi abin da ya faru daren ƙarshe, Malam Tanimu da kai nake.